Wadda Ke Sheƙa wa Dada Kunu

A bayan ɗakin kakarmu, a gidanmu na unguwar Nassarawo a Mubi, akwai wani ɗan fili da ba a yi masa siminti ba. Nan aka kafa murhu na duwatsu uku, kusa da wata bishiyar lemun tsami da ba ta taɓa yin 'ya'yan kirki ba. Ban san lokacin da aka fara zama a wurin ba, kuma ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Ni dai na buɗe ido na tarar ana yi. Da an sallame magariba, an ci tuwo, sai mu jikoki mu ja tabarma mu kewaye garwashin da ya rage, kafin a kira isha'i kowa ya nufi ɗakin uwarsa.

Dada muke ce mata. Uwar mahaifinmu ce, Bafulatanar Mubi, wadda ta auri wani ɗan kasuwar shanu da iyayensa suka zo daga ƙasar Katsina. Hausarta tana da daɗi, sai dai ba ta taɓa cewa kogi ba, mayo take cewa, kuma in ranta ya ɓaci sai ta koma Fulatanci gaba ɗaya ta bar mu a baya. Ba ta cin tuwon dare. Kunun gyaɗa take sha, kullum, a cikin ƙwarya, don ta ce kwanon roba yana sa kunu ɗanɗanon takalmi. Ban san inda ta ɗanɗani takalmi ba, kuma ba wanda ya tambaye ta.

Kunun yakan sauko daga wuta da zafi, dole a sheƙa shi. Ƙwarya biyu ake ajiyewa, ɗaya cike ɗaya babu komai, a riƙa juye shi daga wannan zuwa waccan har ya huce. Aikin ba shi da wuya, amma wadda ke yin sa ita ce ke zama a hannun dama na Dada, gwiwa da gwiwa, a kan ƙaramar fatar tunkiya da ba a yarda kowa ya hau ba. Ita ce ke jin ƙanshin man shanun da Dada ke shafawa a ƙafa. Ita ce ake miƙa wa ragowar kunun. In tatsuniya ta kai wurin tsoro, ita ce hannun Dada ke sauka a kanta. Tun ina shekara bakwai wannan wurin nawa ne, kuma ina jin ban taɓa tunanin zai zama na wani ba.

Ni yarinya ce mai tsoron laifi. Har yau ban rabu da halin ba. In zan sheƙa kunu, sai in kusanto da bakin ƙwarya ɗaya jikin ɗayar, in bar shi ya gangara ta gefe a hankali, ba ƙara, ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Yakan daɗe kafin ya huce, amma ban taɓa zubarwa ba, kuma ina alfahari da haka ƙwarai. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, takan ce wa baƙi, "Maimuna ko ƙwai ka ba ta ta kai Yola, lafiya zai isa." Dada kuwa Malama take ce mini, saboda ina yawan gyara wa mutane magana, kuma ina zuwa na ɗaya a ajinmu.

Dada tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta ce, "Ga ta can ta taso daga bakin mayo." Mu amsa, "Ta ƙaraso, mun yi mata shimfiɗa." Kusan duk tatsuniyoyinta da ruwa a ciki, kuma ba ta wuce ruwa ba tare da ta yi kukansa da baki ba. In mutum ya dulmiya gora a rafi, sai ka ji ɓul-ɓul-ɓul daga maƙogwaronta. In ruwan sama ne a kan jinka, shaaa. In tulu ya tsage, ɗis, ɗis, ɗis, tana jinkirtawa har sai ƙananan cikinmu sun fara dube-dube. In kura ta faɗa rijiya, tsundum, kuma sai ta daki cinyarta. Akwai wata ƙara da take yi ta madarar da ake tatsa cikin ƙwarya, wadda ke farawa da kaifi ta koma taushi in kumfa ya taru. Wannan ban taɓa iya kwaikwaya ba, kuma ban san yadda zan rubuta ta ba.

Ina shekara goma, in ban yi kuskure ba, aka kawo Dija daga Maiha. 'Yar ƙanen mahaifina ce, an kawo ta ta yi makaranta a Mubi. Na girme ta da wata biyar, don haka Adda take ce mini, wato yaya da Fulatanci, amma tana faɗarsa ne kamar wadda ake matsa wa wuya. Doguwa ce, mai ƙarar murya, tana tafiya tana jan silifa ƙararaf-ƙararaf kamar wadda ke son duk unguwa ta san ta fito. Hausarta kuwa ba ta san mace ba ta san namiji ba. "Inna ya ce ki zo." "Akuya ya shiga ɗaki." Nakan gyara mata a gaban mutane, ita kuma ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Ai kin gane, ko?"

Sati guda da zuwanta na yi zazzaɓi, na kwana biyu a ɗaki. Daga kan gado na ji abin da ban taɓa ji ba a gidan: ƙarar kunu yana faɗowa daga sama, tsululululu, kamar famfo, sannan dariyar Dada. Da na warke na fito, na tarar Dija a kan fatar tunkiya. Ta miƙe a kan gwiwoyinta, ta ɗaga ƙwarya har kusa da kanta, kunun yana saukowa kamar igiya, yana fallatsa a tabarma, a zanen Dada, har a cikin garwashi yana cuu.

Na tsaya a kanta. Na ce, "Tashi, na warke."

Ta dubi Dada. Dada ta ce, "Malama, zauna can ki huta. Bari wannan mahaukaciyar ta yi, hannunta yana magana."

Na ce, "Dada, zubarwa take yi fa. Dubi zanenki."

"Zane na wanki ne."

"Ni ban taɓa zubar miki ba."

"Haka ne," in ji ta. "Ke ba ki taɓa ba." Ta juya wajen Dija. "Ƙara ɗaya, ya kusa."

Abin da aka bar mini shi ne wanke ƙwaryar biyu da la'asar, in kawo su, in ajiye marar komai a kan gammo in rufe da faifai. Wato na koma mai yi wa Dija shiri. Na zauna a ƙarshen tabarma, inda hayaƙi ke bi, ina kallon hannun Dada yana sauka a kan kitson wata. Ba zan ce na tsani Dija ba, kalmar ta yi nauyi, amma na ƙirga duk ɗigon da ta zubar. Na lura Dada ta fara daidaita labarinta da sheƙar Dija: in yarinyar tatsuniya ta isa rafi, sai ta ɗan yi shiru, Dija ta saki kunu, yara su yi ta tafi. Su biyu suka zama masu ba da tatsuniyar, mu sauran masu saurare. Na kai ƙara wurin Inna, ta ce, "Kunu ne fa, Maimuna, ba gadon sarauta ba." Na kai wa Baba sakamakon jarrabawata a gaban Dada da gangan, na karanta da ƙarfi cewa na zo na ɗaya, Dija ta zo ta ashirin da wani abu. Dada ta ce Allah ya ƙara basira, sannan ta tambayi Dija ko an sauke kunu.

Abin da na yi bayan haka ban taɓa gaya wa mijina ba, kuma na yi ta jinkirin rubuta shi. Wata ranar damina, da hadari ya sa duhu ya shigo da wuri kuma an ɗauke wuta, na wanke ƙwarya kamar kullum. Sai na zuba ruwan randa a cikin marar komai, ya wuce rabi, na ɗora a gammo na rufe. Ƙwaryar tsohuwa ce, cikinta ya yi baƙi, ruwa ba ya nunawa a hasken garwashi. Na san Dija ba ta duba abin da take yi, fuskar Dada take kallo. Lissafina shi ne kunun zai cika ya tumbatsa, ya lalace, kowa ya ga abin da gaggawa ke jawowa, a ce a mayar wa mai hankali aikinta. Ban yi tunanin zafi ba. Ko kuwa na yi, na kawar da kai. Wannan ban iya rantsewa a kai ba.

Dija ta cire faifai ta jefar, ta ɗaga ƙwarya, ta saki. Ina jin bai kai cikin ludayi biyu ba Dada ta ɗaga hannu.

"Tsaya!"

Dija ta tsaya, kunun ya ɗan zubo mata a yatsa, ta yi tsaki tana yarfewa.

"Ƙwaryar nan ba ta da yunwa," in ji Dada. "Ƙwarya mai yunwa ƙwal take fara cewa. Wannan ta ce cuɓul. Wa ya ba ta ruwa?"

Dija ta tsoma yatsa, ta ɗago, ta juyo ta dube ni kai tsaye. "Ba ni ya wanke ba."

"Ban tambayi wanda ya wanke ba."

Na shirya ƙarya guda biyu, ina zaɓen wadda ta fi. Amma Dada ba ta sake tambaya ba. Ta ce wa Dija ta juye sauran a kai, a hankali, iya abin da ƙwaryar za ta ɗauka. Ta karɓa ta kafa kai. Kunun ya zama ruwa-ruwa, ba zafi ba sanyi, irin wanda ko mara lafiya zai ture. Ta shanye shi tas, muna kallo, ba ta rage wa kowa ba. Da ta yi mini duka da ya fi mini sauƙi. Ta goge baki da gefen mayafi ta ce, "Ga ta can ta taso daga bakin mayo."

Sauran yara suka amsa, ta fara.

Tatsuniyar ta wata tsohuwa ce da ke zaune a gindin dutse, a ɗaki marar taga, da wata ƙatuwar randa da karsana fara guda ɗaya. Ta aika cikin gari cewa duk yarinyar da ta cika mata randa, karsanar tata ce. 'Yan mata biyu suka amsa. Ta farko tana zuwa da asuba, ta taka a hankali don kada ta tashi tsohuwa, ta jingina bakin tulunta a jikin randa ta bar ruwan ya silale, ko ɗigo ba ya faɗuwa, ta fita ba sallama. Ta biyu sai rana ta fito take zuwa, tana waƙa tun daga mayo, rabin ruwan ya zube a hanya, facal-facal, ta shigo ta ce, "Tsohuwa, kin mutu ko kina nan?" sannan ta tuntsura tulu daga sama, ɓul-ɓul-ɓul-ɓul. Nan Dada ta yi ƙarar da bakinta, tunda babu kunun da za a sheƙa. Kwana bakwai randa ta cika. Tsohuwa ta kama igiyar karsana ta miƙa wa mai waƙa.

Ta farko ta ce, "Ni na fi kawowa. Tulu bakwai cur na zuba, ita rabi-rabi."

Tsohuwa ta ce, "Mai yiwuwa ne, 'yar nan. Amma ni ban ji ki ba."

Yarinya ta fusata ta ce to a ba ta ruwanta. Tsohuwa ta ce, "Ga randa nan. Kwashe naki, ki bar nata." Sai yarinyar ta durƙusa a bakin randa, ta kurɓa ta ɗaga kai tana ɗanɗanawa, wannan nawa ne ko nata, ta sake kurɓa ta sake ɗaga kai. Rana ta faɗi tana yi, wata ya fito ya mutu tana yi, har ta ƙanƙance, bakinta ya yi tsini, ta zama 'yar tsuntsuwar nan da ake gani a bakin mayo, wadda ba ta shan ruwa sau biyu ba ta ɗaga kai ba. "Har gobe tana can tana rarrabewa," in ji Dada. "Ta ƙare. Wanda ya riƙe ta a hannu zai kwana da jiƙaƙƙen hannu."

Yara suka yi dariya, suna kwaikwayon tsuntsuwa. Ni kuwa, duk da laifin da ke kaina, ban iya yin shiru ba. Na ce, "Wannan ba adalci ba ne. Me ya hana tsohuwar ta leƙa randa da safe ta gani?"

Dada ta juyo da fuskarta wajena, ko in ce wajen muryata. Ta ce, "Da ta iya leƙawa, Malama, ai da ta leƙa."

Na ɗauka tana nufin tsohuwar malalaciya ce, ko ƙafa ke mata ciwo. Na tafi na kwanta da fushi, na tabbata an tsara tatsuniyar ne don a ci mini fuska, kuma a ce mini mai hassada tsuntsuwa take zama. Shekaru da yawa iyakar abin da na fahimta ke nan. Ban sake taɓa ƙwaryar da mugun nufi ba, amma ban koma kan fatar tunkiya ba. Ba a kira ni ba, ni kuma ban roƙa ba.

Sai bayan kusan shekara guda manya suka gane idon Dada ya tafi. Ta zuba wa Baba kanwa a shayi a maimakon sukari, aka kai ta asibiti, aka ce yana ce ta rufe ido biyun, kuma ta daɗe. Ta ɓoye ne don ba ta son a hana ta zuwa kasuwa da gidajen suna. An yi maganar aiki, ta ƙi, ta ce idon da ya ga abin da ya gani ya isa hutu. Ta yi shekara shida bayan haka. Dija ce ke jan ta zuwa bayan gida, Dija ce ke yanke mata farce. Ni ina makarantar kwana. Ranar da ta rasu ina rubuta jarrabawa, sai da yamma aka gaya mini. Ko a lokacin ban haɗa makantar da tatsuniyar ba. Ina jin kunyar faɗin haka, amma gaskiya ce.

Na karanta Turanci a jami'ar da ke nan garin. Da aka zo zaɓen abin da za mu yi bincike a kai a shekarar ƙarshe, na zaɓi kalmomin Turanci masu kwaikwayon ƙarar ruwa in ana zuba shi, in kwatanta su da namu. Na ce wa malamina don batun ba shi da rigima ne, kuma wataƙila haka ne. Na tara su daga ƙamus: glug na ruwan da ke fita daga kwalba, gurgle na wanda ke bi ta maƙogwaro ko bututu, splash, slosh, trickle. Na jera su a tebur, na rubuta ma'anar kowace, na yi ta duba kada in yi kuskure. Da na zo ɓangaren Hausa sai na ga ina da kalmomin, tsiyaya da ɓulɓula da kwarara da tuttula, amma ƙarar ta ɓace mini. In na faɗe su a ɗakina sai su fito a bushe. Na san mutum ɗaya da ke da su. Na yi sati uku ina neman wata hanya kafin na hau keke napep na tafi gidanta.

Dija ba ta wuce sakandare ba. Ta auri wani mai gyaran babur, tana sayar da kunun gyaɗa da ƙosai a ƙofar gida, kuma layi ake yi. Na same ta tana tankaɗe. Na bayyana mata cewa ina so in naɗi ƙarar ruwa irin ta Dada daga bakinta a waya, na yi ta kewaye-kewaye, na ce in ba damuwa, in tana da lokaci, ba dole ba ne.

Ta ce, "Adda, duk wannan Turancin don ki ji ɓul-ɓul? Kunna wayar."

Ta yi su duka. Ta yi gora a rafi, ta yi tulu mai tsaga, ta yi kura a rijiya har da dukan cinya. Ta yi ta madarar nan da ban taɓa iyawa ba, mai farawa da kaifi ta koma taushi, sai na ji kamar Dada ce zaune a gabana. Na karanta mata na Turancin, ta sa na maimaita glug sau uku, tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Wannan Bature ya taɓa shan ruwa a gora, na yarda da shi. Sauran kuwa ƙarya suke."

Na kashe wayar. Na ce, kamar da wasa, "Ke dai tun kina yarinya ba ki iya zuba abu a hankali ba."

Ta dube ni da mamaki. "Wa ya ce ban iya ba? A gidanmu na Maiha kakana na wajen uwa makaho ne. A gidan makaho ba a zuba abu shiru, Adda. Daga sama ake zubawa, ya ji me aka ba shi, ya ji inda ƙwarya yake, ya ji ya cika ko bai cika ba. Ba a tafiya shiru kuma, sai a ja takalmi, kada ka tsorata shi. In ka ajiye masa abu ba ƙara, kamar ba ka ajiye ba."

Na ce, "Amma lokacin ai ba a san Dada ba ta gani ba."

"Ku ne ba ku sani ba. Ni kwana uku da zuwana na gani. In kin miƙa mata kunu sai ta yi ta lalube a iska, ta ce wai hayaƙi ne. Da na sheƙa mata, hannunta ya tafi kai tsaye."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ta ce in na faɗa za ta mayar da ni Maiha a buhu." Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ƙara, ba ta ko ɗago ba, "Ruwan nan da kika zuba kuwa, yatsana ya yi kwana huɗu yana zafi. Ban manta ba, na dai bar ki."

Na ba ta haƙuri, shekara goma sha wani abu bayan lokacinsa. Ta ce in ɗauki ƙosai in tafi, ina tsare mata ciniki.

Na yi ta juya maganar a hanya, kuma har yanzu ina juya ta. Ba na son in ɗora wa Dada nufin da ba nata ba, tunda ba ta nan balle ta gyara mini. Mai yiwuwa tatsuniya ce kawai da ta ji a wurin tata kakar. Amma ina zaton a daren nan, a gaban jikokinta duka, ta faɗi abin da ta kasa faɗa wa 'ya'yanta: ina zaune a ɗaki marar taga. Ta faɗa mini ni musamman, ni da na tambaya. Shekara uku ina zaune gwiwa da gwiwa da ita, ina kallon bakin ƙwarya don kada in yi laifi, ban ɗago na kalli idonta ba. Hankalin da nake taƙama da shi, kaina nake karewa da shi. Tana cikin duhu tana jiran ta ji motsin mutum, ni kuma ina ta ƙoƙari kada a ji ni.

Zan so in ce da na gane haka kishin ya tafi. Bai tafi ba, wuri ya sake. Da ina kishin inda Dija ta zauna, yanzu ina kishin abin da ta gani a kwana uku. Na samu sakamako mai kyau a binciken, na sa sunanta a shafin godiya, ba ta taɓa buɗewa ba. Ina koyarwa yanzu, kuma ina ƙoƙarin in riƙa kallon fuskokin yara fiye da littafin da ke hannuna, ko da yake ba zan ce kullum nake dacewa ba.

Ina da 'ya, Ummi, shekararta shida. Na sha gwada yi mata tatsuniya a gida, takan saurara da ladabi, sannan ta tambaya ko za ta iya kallon waya. Ran Asabar ɗin da ta wuce muka je gidan Dija, magariba ta same mu a can. 'Ya'yanta da na maƙwabta suka kewaye ta a bakin murhun ƙosai, sai na ga Ummi ta saki hannuna, ta ratsa su, ta matse a jikin Dija. Dija ta fara ta tsohuwa da randa. Ta ce kwana tara aka yi ana ɗiban ruwa, karsanar kuma ja ce.

Na ce, "Bakwai ne. Kuma fara ce."

Ummi ta juyo, ta ɗora yatsa a baki. "Mama, don Allah. Goggo ce ta sani."

Kishin nan ya dawo mini, sabo fil, kamar ina shekara goma. Ina da hujja, ni aka yi wa tatsuniyar, kuma dare ya fara yi, ba wanda zai ga laifina in na ce ta tashi mu tafi. Na buɗe jaka na ɗauko kuɗin napep, na riƙe a hannu. Dija ta kai wurin da mai waƙa ke shigowa ɗaki, Ummi ta buɗe baki tana jira. Na mayar da kuɗin, na jawo wani bokiti na kife, na zauna a bayan yara. Karsanar ta tafi a ja, ban sake gyarawa ba.